Ƙarancin Fotasiyam: Yadda Yoyon Ƙoda Ke Kashe Gaɓɓai Har Ya Taɓa Numfashi

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon ƙoda ya ji likita yana cewa a rage ba shi ayaba da lemo da dankali, domin sinadarin fotasiyam yana taruwa a jininsa har ya iya tsayar da zuciya. Gargaɗin gaskiya ne, kuma ya zauna a zukatan jama'a har ya zama da an ce ƙoda sai a ce fotasiyam ya yi yawa. Shi ya sa kai ke ɗaurewa idan aka ce ga wani ya kwanta lafiya lau ya wayi gari ƙafafunsa ba sa motsi, numfashinsa yana neman ɗaukewa, kuma wai dalili shi ne ƙodarsa tana zubar da fotasiyam cikin fitsari. Dangi sukan tambaya: to ba yawa aka ce yake yi wa masu ciwon ƙoda ba?

Duka biyun suna faruwa, domin ciwon ƙoda ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ke hana ta fitar da abin da ya kamata ta fitar, akwai wanda ke sa ta saki abin da ya kamata ta riƙe. Na biyun shi ne batun wannan sharhi. Yana iya kisa cikin sa'o'i, amma yana cikin ire-iren shanyewar jiki da suka fi saurin warkewa idan an gano shi, kuma gano shi bai wuce gwajin jini guda ɗaya ba.

Mene ne fotasiyam?

Fotasiyam ɗaya ne daga cikin gishirin da ke narke a ruwan jikin ɗan Adam, tare da sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishirin girki, da kalsiyam na ƙashi, da maganiziyam. Wani masanin Ingila, Humphry Davy, shi ne ya fara ware shi a 1807. A takardar gwajin asibiti harafin K ne ke tsaye a madadinsa. Ana auna shi da wani ma'auni da ake kira milimol a kowace litar jini. A jinin mai lafiya yakan tsaya tsakanin 3.5 da 5.0. Idan ya sauka ƙasa da 3.5 an shiga ƙaranci, abin da likitoci ke kira haifokalimiya. Idan ya gangara ƙasa da 2.5 abin ya yi tsanani, kuma a nan ne aka fi ganin mutuwar gaɓɓai da rikicewar bugun zuciya.

Kusan kashi 98 cikin ɗari na fotasiyam ɗin jiki yana cikin ƙwayoyin halitta, musamman na tsoka. Kashi 2 kacal ke yawo a jini da ruwan da ke kewaye da ƙwayoyin. A jikin kowace ƙwaya akwai wani ɗan famfo da ke fitar da sodiyam uku yana shigo da fotasiyam biyu ba dare ba rana. Jens Skou, ɗan ƙasar Denmak, shi ya gano famfon a 1957, aka ba shi kyautar Nobel a kai a 1997. Bambancin da ke tsakanin yawan fotasiyam na ciki da ƙarancin na waje shi ke samar da 'yar wutar lantarkin da jijiya ke aika saƙo da ita, tsoka kuma ta amsa ta tsuke. Idan na waje ya ragu ƙwarai, tsarin ya lalace. Saƙon yana isowa daga ƙwaƙwalwa lafiya ƙalau, amma tsokar ba ta iya amsawa. Mutum yana so ya ɗaga ƙafa, ya san yana so, ƙafar kuwa ta ƙi.

Aikin ƙoda biyu ne

A kowace ƙoda akwai ƙananan matatu kusan miliyan ɗaya, kowace da siririn bututu a bayanta. Matatun suna tace ruwa kimanin lita 180 daga jini a yini, alhali fitsarin da mutum ke yi bai cika wuce lita ɗaya da rabi zuwa biyu ba. Ragowar duk bututun ne ke tsotse shi ya mayar cikin jini. Ƙoda tana aiki ne kamar mai gyaran ɗakin da ke fito da kaya gaba ɗaya tsakar gida, sannan ta tsince masu amfani ta mayar ciki, ta bar shara a waje. Fotasiyam yana cikin kayan da ake fitarwa a mayar. Kusan kashi 90 cikin ɗari na wanda aka tace ana mayar da shi tun a farko da tsakiyar bututun. A can ƙarshen bututun ne ake yanke hukuncin ƙarshe: idan jiki ya samu da yawa a abinci sai a ƙara turo wani cikin fitsari, idan bai samu ba sai a rage.

Idan matatun suka mutu, kamar yadda ake gani a gazawar ƙoda da ke kai mutum ga wankin ƙoda, fotasiyam ba ya samun hanyar fita, sai ya taru. Wannan shi ne wanda kowa ya sani. Idan kuwa matatun suna aiki amma bututun ne ya samu matsala, sai tacewa ta ci gaba, mayarwa ta gaza. Irin wannan mutum gwajin kiriyatinin ɗinsa, wato gwajin da ake duba ƙarfin tacewar ƙoda da shi, yana iya fitowa daidai, a ce masa ƙodarsa lafiya take, alhali kullum tana yoyo.

Abubuwa uku ne ke buɗe wa fotasiyam ƙofa a ƙarshen bututun. Na farko shi ne yawan ruwa da sodiyam da ke gangarowa wurin. Na biyu wani sinadarin jiki ne mai suna aldostiron, wanda wata 'yar halitta da ke zaune a kan kowace ƙoda ke samarwa, aikinsa shi ne ya sa a riƙe sodiyam a saki fotasiyam. Na uku shi ne ƙarancin maganiziyam, domin shi ne ke tare bakin hanyar da fotasiyam ke fita. Kusan duk cututtukan da za a ambata a ƙasa ta ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofi suke bi.

Cututtukan da ke jawo yoyon

Wanda ya fi yawan kai mutane ga na'urar taimakon numfashi shi ne ciwon da bututun ƙoda ke kasa fitar da tsami, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da RTA. Jiki yana samar da tsami, wato asid, kullum daga abincin da aka ci, kuma ƙarshen bututun ƙoda ne ke zubar da shi. Idan ya kasa, tsamin ya taru a jini, fotasiyam kuma ya riƙa tsiyaya. A manya, musamman mata, babban abin da ke haddasa shi shi ne cutar Sjögren, wadda aka raɗa wa sunan likitan idon nan na Suwidin da ya yi bayaninta a 1933. Cuta ce da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin, kuma kusan tara cikin goma na masu ita mata ne. Alamunta bushewar ido da bushewar baki, har mace ta kasa haɗiye busasshen abinci sai da ruwa. Sau da yawa ba a san tana da cutar ba sai ranar da aka kawo ta asibiti a kwance ba ta motsi, sannan idan aka bi tarihi a tarar ta yi shekaru tana fama da ido kamar an zuba yashi. A yara kuwa RTA yakan zama na gado, ya zo da rashin girma, da lanƙwasar ƙashin ƙafa, da tsakuwa a ƙoda, wani nau'in har da kurumta. A arewa maso gabashin Tailan cutar ta yi yawa har ana ɗaukar ta a matsayin ciwon yanki.

Akwai kuma wanda ke kama farkon bututun, inda ake mayar da mafi yawan kaya. Wannan idan ya yi faɗi ana kiran sa ciwon Fanconi. Mai shi yana zubar da fotasiyam da sukari da sinadarin fosfet na ƙashi duk a fitsari, ko da ba shi da ciwon sukari.

Sai cututtuka biyu na gado da suka yi kama da juna. Frederic Bartter ya bayyana na farko a 1962, Hillel Gitelman ya bayyana na biyu a 1966, dukansu a Amurka. A cikinsu bututun ne ke kasa tsotse gishiri a wani sashe, gishirin ya gangara ƙasa ya ja fotasiyam su fita tare. Na Bartter yakan bayyana tun ana jariri ko ƙaramin yaro, da yawan fitsari da ƙishirwa da rashin girma. Na Gitelman ya fi sauƙi, yakan jira sai an balaga, kuma an ƙiyasta yana samun mutum ɗaya cikin 40,000. Masu shi sukan kasance da kwaɗayin gishiri tun suna yara, da yawan ɗaurewar tsoka, da gajiyar da ba ta da dalili, kuma jininsu ba ya hawa. Sai yaro ya gaji ƙwayar halittar cutar daga uwa da uba duka biyu kafin ta bayyana, don haka ta fi samun dama a zuriyar da ake yawan auren zumunci. Wannan ba hukunci ba ne a kan al'adar, amma dalili ne da zai sa idan aka samu mutum ɗaya a gida, a gwada 'yan'uwansa da suke ciki ɗaya.

Rukuni na ƙarshe shi ne wanda ke zuwa tare da hawan jini. A 1955 Jerome Conn na Jami'ar Mishigan ya ba da rahoton wata mata mai shekara 34 da ta yi shekaru tana fama da hawan jini da raunin gaɓɓai mai zuwa yana tafiya. Aka gano wani ɗan ƙari a halittar da ke kan ƙodarta yana ta zubo aldostiron, aka cire shi ta samu sauƙi. A da ana ɗaukar wannan ciwo, wato ciwon Conn, abu ne da ba kasafai ake gani ba. Yanzu an san cewa tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na masu hawan jini shi ke damun su, kuma adadin ya fi haka a cikin waɗanda magani uku ya kasa sauke musu jini. A nan ƙodar kanta lafiya take, umarnin da ake ba ta ne ya yi yawa. Ciwon Liddle, wanda aka bayyana a 1963, yana ba da irin wannan hoto, sai dai shi lahanin a cikin bututun yake, kuma gadon sa ake yi.

Magunguna da abubuwan da ake sha ko ake shaƙa

Duk waɗannan cututtuka idan aka haɗa su ba su kai magunguna yawan jawo matsalar ba. Kan gaba su ne magungunan sa fitsari, irin su furosemide da aka fi sani da Lasix, da hydrochlorothiazide da ke cikin ƙwayoyin hawan jini da dama. Magunguna ne masu amfani ƙwarai, kuma ba a ce kowa ya daina ba. Matsalar ita ce mai kumburin ƙafa da zai shiga kemis ya saya ya yi wata da watanni yana sha ba tare da an taɓa duba jininsa ba. Allurar gentamicin, da maganin amphotericin B da ake yi wa masu sanƙarau na naman gwari, da cisplatin na ciwon daji, duk suna iya ƙona bututun. Tenofovir, wanda miliyoyin masu cutar HIV ke rayuwa da shi, yana jawo ciwon Fanconi ga 'yan kaɗan daga cikinsu, kuma maganin wannan shi ne gwaji a kai a kai da sauya ƙwaya idan ta kama, ba watsar da magani ba.

Abu ɗaya ya shafi garuruwanmu kai tsaye. Sinadarin toluwin da ke cikin gam da ruwan narkar da fenti da ire-iren sholisho da matasa ke shaƙa, sananne ne a wurin likitoci wajen jawo tsamin jini da zubar fotasiyam mai tsanani. Matashin da aka kawo ya kasa tsayawa bayan kwanaki yana shaƙe-shaƙe, sau da yawa akan ce maye ne a bar shi ya sake shi. Wani lokacin ba maye ba ne, tsokarsa ce ta mutu, kuma ta numfashi na iya biyo baya.

Haka nan saiwar da Larabawa ke kira irkisus, wadda ake jiƙawa a sha a Masar lokacin azumi, Turawa kuma suke yin baƙar alewa da ita. Tana ɗauke da sinadarin da ke sa ƙoda ta yi aiki kamar aldostiron ya yi yawa. A 2020 likitoci a Amurka sun wallafa labarin wani ma'aikacin gini mai shekara 54 a jihar Masachuset da zuciyarsa ta tsaya bayan makonni yana cin wannan alewa kullum.

Daga ƙafa zuwa ƙirji

Raunin yakan fara ne daga cinyoyi da ƙugu. Mutum ya ga tashi daga tabarma sai ya dafa bango, ɗagowa daga sujada ya zama aiki, hawa matakala ko babur ya gagara. Daga nan sai kafaɗu: ɗaga hannu a ɗaura ɗankwali ko a sa hula ya yi nauyi. Yana kama ɓangarori biyu daidai wa daida. Idan aka tsunkule shi yana ji, hankalinsa garau, bakinsa bai karkace ba, maganarsa ba ta sarƙe ba. Ciki yakan kumbura bayan gida ya tsaya, domin hanji ma tsoka ce. Wani fitsarinsa yakan yi duhu kamar shayi ba madara, alamar tsokar ta fara narkewa, abin da shi kansa yake iya toshe ƙoda.

Numfashi aikin tsoka ne, ko da yake ba a lura da hakan sai ta gaza. Huhu ba ya iya jawo iska da kansa. Wata faffaɗar tsoka ce da ta raba ƙirji da ciki take sauka ƙasa ta buɗe masa wuri, tsokokin tsakanin haƙarƙari suna taya ta. Idan rauni ya iso gare ta, ana iya ganewa da ido. A mai lafiya da ke kwance rigingine, ciki yana tasowa idan ya shaƙi iska. A wannan mara lafiya, ciki yana lotsawa ne yayin da ƙirji ke ƙoƙarin ɗagawa. Yakan ƙi kwanciya ya ce a jingina shi. Tarinsa ba shi da ƙarfi, majina ta tsaya masa a maƙogwaro. Idan aka ce ya ja numfashi ɗaya ya yi ƙirga, ba ya kaiwa ashirin. Wuyansa ya kasa riƙe kai idan an ɗago shi.

Haɗarin da ke ɓoye a nan shi ne ba ya yin huci da fafutuka irin na mai asma, domin ba shi da ƙarfin yin su. Numfashin gajere ne, a hankali, shiru. Iskar kabon da ya kamata ya fitar tana taruwa a jini, ta kawo ciwon kai da gyangyaɗi, masu jinya su ce alhamdu lillahi ya samu barci. 'Yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa tana auna iskar oksijin ne kawai, ba ta ganin kabon, don haka tana iya nuna lamba mai kyau har kusa da ƙarshe, musamman idan an sa masa oksijin a hanci. Ga mai RTA abin ninki biyu ne. Jikin da tsami ya yi wa yawa yana kare kansa ne ta hanyar zurfafa numfashi don ya fitar da kabon. Idan tsokar numfashin ta gaza, wannan kariya ta faɗi, tsamin ya hau cikin gaggawa.

Zuciya kuwa tana iya riga huhu. Ƙarancin fotasiyam yana rikita bugunta, kuma haɗarin ya fi yawa ga mai ciwon zuciya tun asali ko mai shan maganin digoxin.

Abubuwan da ake ruɗa shi da su

Mutuwar gaɓɓai farat ɗaya ga mutum mai hankalinsa abu ne mai firgitarwa, kuma ba abin mamaki ba ne iyali su fara tunanin iska ko sammu, musamman da yake raunin kan zo ya tafi da kansa ya sake dawowa. Addu'a ba ta hana gwaji, kuma kwana ɗaya da aka yi ana jira a gida yana iya zama shi ne bambanci tsakanin ƙarin ruwa da na'urar numfashi. Shanyewar ɓarin jiki ta hawan jini ɓangare ɗaya take kamawa, yawanci da karkacewar baki. Shan inna yakan zo da zazzaɓi ga yaro, ya fi kama ƙafa ɗaya, kuma ba ya sakin ta cikin kwana ɗaya. Ko da yake an tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Afirka a watan Agustan 2020, har yanzu doka ce a kai rahoton duk yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da gaɓɓansa suka saki kwatsam. Wanda ya fi kama da raunin ƙarancin fotasiyam shi ne ciwon jijiyoyi na Guillain-Barré, da ke hawa daga ƙafa zuwa sama, wanda maganinsa ke da tsada sosai. Kafin a kama wannan hanya, ya wajaba a duba fotasiyam.

Sannan ba duk ƙarancin fotasiyam ne daga ƙoda ba. Gudawa da kwalara suna zubar da shi ta hanji, kuma su ne kan gaba a yara masu tamowa. Akwai kuma inda bai fita daga jiki ba sam, ya dai ruga cikin ƙwayoyin halitta ne, kamar yadda ake gani a masu ciwon maƙoƙo mai zafi, musamman mazan Asiya, ko bayan allurar insulin. Abin da ya fi muhimmanci a sani shi ne yawan fotasiyam ma yana kawo irin wannan rauni na ƙafafu. Da ido ba a iya bambanta mai ƙaranci da mai yawa, kuma maganin ɗaya guba ne ga ɗayan.

Gwaji

Gwajin gishirin jini da ake yi a manyan asibitocin gwamnati da ɗakunan gwaji masu zaman kansu shi ke nuna fotasiyam, tare da bikabonet, wanda ke faɗin ko jinin ya yi tsami ko akasin haka. Gwajin ECG, mai zana bugun zuciya a takarda, yana nuna alamu cikin mintuna. Daga nan tambaya ta gaba ita ce ta ina yake fita, kuma fitsari ne ke amsa ta. Ƙoda mai lafiya idan ta ga jini ya yi ƙaranci tana tsuke bakinta. Idan aka samu fotasiyam da yawa a fitsarin mai ƙaranci, to ƙodar ce ke yoyo. Sai a haɗa da awon jini: tsami ba hawan jini yana nuni ga RTA, rashin tsami ba hawan jini yana nuni ga Gitelman ko Bartter ko maganin fitsari ko amai, hawan jini kuwa yana nuni ga aldostiron da danginsa.

Akwai tarko ɗaya a wurin ɗibar jinin. Idan aka ɗaure hannu da roba ya daɗe, ko aka sa mutum yana ta dunƙule hannu yana saki, ko aka bar kwalbar ta yi sa'o'i kafin a raba ruwan jinin, fotasiyam ɗin da ke cikin jajayen ƙwayoyi yana fitowa ya ɗaga lambar. Mai ƙaranci sai sakamakonsa ya fito kamar daidai. Idan alamun mara lafiya da takardar suka saɓa, a sake ɗiba.

Magani da inda ake saɓani

Idan ƙarancin bai yi tsanani ba kuma mutum yana iya haɗiya, ta baki ake bayarwa, shi ya fi aminci. Idan gaɓɓai sun mutu ko numfashi ya taɓu, sai ta jijiya, a cikin ruwan gishiri, a hankali, yawanci milimol 10 zuwa 20 a sa'a, ana kallon zuciya ana maimaita gwaji. Ba a taɓa tura shi kai tsaye da sirinji, domin hakan yana tsayar da zuciya nan take. Ana guje wa ruwan sukari a farko, saboda sukari yana tayar da insulin, shi kuma ya ƙara kora fotasiyam cikin ƙwayoyi. Ga mai RTA, fotasiyam ake fara gyarawa kafin tsami, domin maganin tsamin yana ƙara saukar da shi. Maganiziyam kuma idan ya yi ƙasa ba a gyara shi ba, duk abin da aka zuba fita zai yi. Wanda aka sa wa na'urar numfashi saboda wannan dalili, galibi cikin 'yan kwanaki ake cire masa, ya tashi da ƙafarsa.

Likitoci sun saɓa a kan sauri. Wasu suna ganin idan numfashi na neman tsayawa a wuce waccan ƙa'ida ta babbar jijiya, wasu suna tsoron a zarce a faɗa cikin yawa. Abin da ke raba gardamar shi ne dalilin ƙarancin. Mai yoyon ƙoda ya yi asara ta gaske, domin saukar lamba ɗaya a jini na iya nufin jiki ya rasa milimol 200 zuwa 400. Wanda nasa ya ɓuya ne a cikin ƙwayoyi bai rasa komai ba, idan aka cika masa zai dawo ya yi ambaliya. Inda babu na'urar kallon zuciya kuma sakamakon gwaji sai gobe, taka-tsantsan ya fi dacewa, tare da gaggauta tura mara lafiya inda ake da kayan aiki.

Akwai saɓani kuma a kan masu Gitelman: shin dole sai an kai su 3.5? Ƙwayoyin da ake buƙata don hakan suna da yawa, suna ɓata ciki, wasu su gaji su daina gaba ɗaya. Rahoton ƙwararrun ƙungiyar KDIGO ta masana ƙoda, wanda ya fito a 2017, ya ce 3.0 maƙasudi ne mai ma'ana. Game da masu hawan jini, wasu masana suna son a gwada kowa don neman ciwon Conn, wasu suna ganin a taƙaita ga waɗanda aka fi zargi. A ƙasashen da mara lafiya ke biyan kuɗin gwaji daga aljihunsa, mafi ƙarancin abin da ya kamata shi ne duk mai hawan jini a duba masa fotasiyam kafin a fara magani da kuma bayan an fara, wanda aka samu nasa a ƙasa a zurfafa bincike a kansa.

Ayaba da kanwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2012 cewa babba ya samu aƙalla miligiram 3,510 na fotasiyam a yini, wato milimol 90. Wake, gyaɗa, dankali, doya, alayyahu, zogale, tumatir, dabino da ayaba duk suna da shi, kuma ga mai lafiyar ƙoda cin su alheri ne. Amma ayaba matsakaiciya ɗaya ba ta wuce milimol 11 ba. Wanda ya rasa milimol 400 kuma yoyon bai tsaya ba, ayaba ba za ta tashe shi ba. Ga mai gudawa, ƙunshin ORS na asibiti yana ɗauke da fotasiyam, ruwan gishiri da sukari da ake haɗawa a gida kuwa ba shi da ko kaɗan.

Kanwa ita ce babban ruɗani. Saboda sunan da ake kiran ta da shi a Turancin Najeriya ya yi kama da na fotasiyam, wasu sun ɗauka ita ce maganin ƙarancinsa. Kanwa mafi yawanta gishirin sodiyam ne, fotasiyam ɗin cikinta kaɗan ne. Tun a shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da wankan jego da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Ga wanda ƙodarsa ke yoyo, yawan sodiyam irin na kanwa yana iya ƙara ingiza fotasiyam ya fita.

Zama da ciwon

Idan magani ne ko sholisho ya jawo, barin sa kan wadatar. Ciwon Conn ana iya yi masa tiyata idan ƙarin a gefe ɗaya yake, ko a sha spironolactone, maganin da ke toshe aikin aldostiron. RTA da Gitelman da Bartter kuwa abokan zama ne har abada, kuma sakaci da su yana da farashi. RTA da ba a kula da shi ba yana tara kalsiyam a cikin ƙoda, yana raunana ƙashi, yana hana yaro girma, a ƙarshe yana iya kashe matatun su kansu, mutum ya koma cikin rukunin masu wankin ƙoda da ake hana wa ayaba. Masu irin waɗannan cututtuka sun fi shiga haɗari a lokacin da wata asara ta haɗu da ta kullum: gudawa, amai, laulayin ciki, ko aikin ƙarfi a zafin bazara. Mace mai ɗayansu idan ta samu juna biyu yawanci sai an ƙara mata ƙwayoyi an kuma yawaita gwaji har ta haihu, kuma mai niyyar azumi ya kamata ya zauna da likitansa tun kafin Ramadan a tsara lokutan shan maganin tsakanin buɗa baki da sahur, ko a faɗa masa gaskiya idan jikinsa ba zai ɗauka ba.